Shekarar da Shanu Suka Cinye Kilas

Ku matso kusa, ku gyara zama. Mai tauna ya haɗiye, mai goyo ta lallashi ɗanta, ku ba ni aron kunnuwanku, in na gama zan mayar muku. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce. A garinmu aka yi shi, tsakanin Dungas da Guci, da rana tsaka, a gaban idon kowa. Waɗanda suka yi shi kuwa suna nan da ransu, suna cin tuwo suna gyatsa.

Ni ban taɓa zama a lakwal ba, wato makarantar boko. Muna yara, in aka ji motar masu ɗaukar yara ta doso gari, cikin rumbu ake ɓoye mu. Don haka kada wani ya ce tsohuwa tana yabon abin da ta sani. Ban san abin da ke cikin takarda ba. Amma na san maza, na kuma san na garinmu tun suna yawo ba wando.

Lakwal ɗinmu tana bakin gari, gabas da rijiya. Ɗaki biyu ne na siminti da rufin kwano, sai tuta a tsakar fili, sai wani itacen dogon yaro da aka rataya wa ƙarfen ƙafar mota, shi ake bugawa yara su taru. A gindin itacen nan nake zama da farantin ƙuli-ƙuli da dafaffiyar gyaɗa, ina jiran a sako su shan iska. Daga nan nake ganin komai: masu shara da safe, masu ɗebo wa malamai ruwa, masu waƙar tuta da baki a buɗe ba su san abin da suke faɗa ba, da wanda ya makara yana raɓe-raɓe a bayan ɗaki.

Manyan yara ne ke cikin siminti. Ƙanana, sabbin shiga, rumfa ake yi musu ta zana, ita ma kilas ake ce mata, wato aji. Damina ta kayar da ita, bayan girbi a sake tayarwa. Gwamnati ce ke turo malami, gari ne ke yin rumfa. Haka aka raba aikin tun da aka kafa lakwal. Kuma ba kowace shekara ake ɗaukar yara ba, shekara guda a ɗauka, shekara guda a tsallake.

Ina da jika mace, 'yar ɗana. Uban yana cirani, uwar ta yi wani aure a nesa, yarinya a hannuna ta tashi. A ɗaukar da ta wuce na riƙe hannunta na kai ta. Direkta, wato shugaban malaman, wani dogo mai furfura a gemu, ya ce ta ɗora hannu ta bisa kai ta taɓo kunnenta. Ta miƙa, ta miƙa, ta karkata wuya, hannu bai kai ba. Ya duba bakinta, haƙora cike, ko ɗaya bai faɗi ba. Ya ce, "Iya, a bar ta ta ƙara kwari." Ta yi kuka tun daga lakwal har gida.

Tun daga ranar, kullum safiya kafin ta wanke ido sai ta ɗora hannu bisa kai. In na fita da faranti ta biyo ni, ta je bayan tagar kilas ta tsuguna, abin da na ciki suka faɗa ta maimaita shi ƙasa-ƙasa. Ranar da yatsanta ya taɓa kunne, da gudu ta zo ta same ni a bakin murhu.

"Kaka, duba! Duba, ya kai!"

"Na gani, ƙawata. Sauke hannun kada ki tsinke kunnen, da shi za ki ji karatun."

Da shekarar ɗauka ta zagayo, ga giɓi a bakinta, ga hannu yana wuce kunne. Direkta ya dube ta ya ce ta isa. Sannan ya rage murya ya ce mini, "Iya, bana ce tata. In bana ta wuce ta, kafin wata ɗaukar ta yi girma, ba za a karɓe ta ba." Na riƙe maganar nan kamar yadda ake riƙe garwashi a marfin tukunya.

Aka turo mana malama daga Magariya, yarinya ce ƙarama, siririya, ta zo a bayan moto, wato babur, da katifarta a naɗe da bokiti. Madan ake ce mata. Ta iso, ba kilas. Dirkokin bara ne kawai a tsaye, kamar haƙoran tsoho. Ta tara ƙananan a gindin dogon yaro kusa da ni, ta jingina allo da itace. Iska ta kayar da allo, ta tayar. Akuya ta ratsa tsakiyar yara, su watse da dariya. Jaki ya yi kuka, karatu ya tsaya. Rana ta juya, inuwa ta gudu, su bi ta da jan gindi. Ba ta yi ƙorafi ba, amma ina ganin idonta.

Sai direkta ya tara iyayen yara ya faɗa musu a fili. Ansifekta, babban da ke duba lakwal-lakwal, zai zo daga Dungas. In ya tarar ba kilas, za a ɗauke madan a kai ta wani gari wajen Dogo-Dogo, inda rumfarsu ke tsaye tana jiran malami. In an ɗauke ta kuwa, ɗaukar bana ta rushe.

To, a nan ne zan kawo muku farzidan.

Iyayen yara suna da ƙungiya, ƙungiya tana da shugaba, shi ake kira farzidan. Namu ƙanen mijina ne, marigayi. Da aka kawo ni gidansu amarya, yana ɗan yaro mai majina har leɓe, ni na riƙa share masa. Ya girma ya yi tumbi, ya yi shanun amalanke biyu farare, ya sami wata jaka baƙa da yake rataya wa a kafaɗa duk inda za shi. Na taɓa ganin cikinta. Goro ne da asuwaki. Ranar da duk baƙo zai zo lakwal, shi ne na farko a gindin tuta, da babbar riga mai sitaci, yana ɗaga hannu kamar shi ya haifi yaran duka. Ranar aiki kuwa, ciwon baya.

A taron nan ya miƙe ya yi jawabi har rana ta take. Ya ce ilimi haske ne. Ya ce garinmu ba zai ji kunya ba. Ya ce kowane gida zai kawo zana guda, a yi gayya, a tayar da kilas wadda ba a taɓa ganin irinta ba a ƙasar Dungas. Maza suka ce madalla, suka shafa fatiha, suka kakkaɓe riguna, kowa ya kama gabansa.

Aka ce sai an gama yankan gero. Aka gama. Aka ce sai an cire gyaɗa. Aka cire. Aka ce ga roron wake, ga dawa ba ta shigo ba. Ta shigo. Sai suna a gidan wane, sai ta'aziyya a Bande, sai ranar kasuwa, sai gajiyar kasuwa. Kowace Juma'a a yi taro a kan rumfa, a zauna a inuwar rumfar ƙofar maigari ana shawarar yadda za a yi wa yara inuwa. Zana kuwa ko guda ba ta fito ba. Wanda ke da sabuwa ya kewaye gidansa da ita, wanda ke da gamba ya ɓoye a bayan rumbu.

Na ɗauki sandata na sami farzidan a ƙofar gidansa, yana kishingiɗe yana kallon shanunsa.

"A'a, matar Yaya! Yau da kanki? Ko kin zo biko ne?"

"In zan yi biko ba wurin mai ciwon baya zan zo ba. Ina kilas?"

"Ana kan shiri."

"Tun gero yana tsaye ake kan shiri. Yanzu gero ya zama tuwo, ka ci, ga shi nan a gabanka."

Ya shafa tumbi ya yi dariya. "Ke dai ba kya tsufa da faɗa. Wannan harka ce ta maza, akwai tsari. Ki koma ga ƙuli-ƙulinki."

"Zan koma. Amma yarinyar nan jikar yayanka ce. In aka ɗauke madan, kai za ka gaya mata, ba ni ba."

"Mace ce fa, matar Yaya. In ba ta shiga ba, me ya ɓace?"

Na dube shi tun daga hula har takalmi, na tuna majinar nan, na juya.

Sai labari ya zo cewa ansifekta yana tafe mako mai zuwa. Nan fa gari ya tashi kamar an taɓa gidan tururuwa. Farzidan ya sa aka yi shelar gayya. Mu mata aka ce mu dama fura, muka dama, ƙwarya-ƙwarya. Maza suka fito da hantsi, ranar kuwa ta kasuwar Guci ce, kowa rabin hankalinsa yana can. Ba zana, ba gamba, ba lokacin neman su. Sai farzidan ya ce ga gonarsa nan kusa, karan dawa yana tsaye, a sara a kawo, ya ba da shi sadaka saboda Allah. Ya faɗi saboda Allah ɗin da ƙarfi, yadda na bakin rijiya za su ji.

Ku da kuka tashi a ƙauye kun san kara. In za a yi darni da shi, sai an zage karmamin tas, a bar shi ya bushe, a jera, a ɗaure da tanka sama da ƙasa. Duk namijin da ke wurin nan ya san haka tun yana bin ubansa gona. Amma zage karmami aiki ne, kasuwa kuma tana ci. Suka kwaso kara da ganyensa, wani ma da sauran ɗanyantaka, suka jingina a jikin dirkoki, suka zagaya da igiya sau ɗaya, suka watsa saura a sama. Wani tsoho ya ce, "Anya karmamin nan?" Farzidan ya ce ai ya fi inuwa, ya fi kyan gani, babban baƙo zai ga abu cif-cif. Suka shanye fura, suka hau amalanke da moto, suka bar mana ƙwarya.

Daga nesa kam ta yi kyau. Kore-kore, luf-luf, kamar an tara harawa. Ni da na gan ta abin da ya zo mini ke nan, harawa. Ba ni kaɗai na ga haka ba.

Kun san in amfanin gona ya gama shigowa, maigari yakan sa a yi shela a saki dabbobi su shiga gonaki kiwo. Shelar nan ta faɗo washegari, ranar Juma'a. Farzidan yana zaune a wurin da aka yanke ranar, da bakinsa ya ce ta yi. Aka kwance shanu, aka buɗe wa awaki da tumaki, dabbobin da suka yi damina a ɗaure suna kallon kore daga nesa. Maza suka tafi masallacin Juma'a. Yara an tashe su. Hanyar gonaki kuwa ta gefen lakwal ta bi.

Ina tsakar gida na ji jikata tana kira tun daga waje, muryarta ta canza.

"Kaka! Kaka, suna cinye kilas!"

Na fita ba mayafi. Na tarar da abin da ban taɓa gani ba tun da uwata ta haife ni. Awaki sun hau sama, tumaki sun kewaye ƙasa, shanu sun sa kai sun ja bango guda ya kwanta. A gaba-gaba, fararen shanun farzidan ne, ɗaya ya shige har tsakiyar kilas, ya tsaya daidai inda madan za ta tsaya, yana tauna a natse, igiya tana lilo a bakinsa. Madan tana gefe da ɗan reshe a hannu tana cewa "kai, kai," ba wanda ya kula ta. Kafin a sauko daga masallaci, dirkoki sun koma tsaye su kaɗai, sai kashin shanu a ƙasa.

Maza suka zo suka kewaye wurin, hannu a baya. Wani ya ce ikon Allah. Wani ya ce ƙaddara ba ta da magani. Wani ya ce laifin yara ne da ba su tsare ba. Farzidan ya girgiza kai ya ce lallai wannan abu yana buƙatar taro, a haɗu Juma'a mai zuwa. Ansifekta kuwa ba zai kai Juma'a ba, kowa ya sani. Na duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ina neman kunya. Ban samu ba. Wasu ma dariya suke dannewa.

Da yamma madan ta wuce ta ƙofar gidana, ta gaishe ni, ta ce ta fara haɗa kayanta. Jikata tana jin ta. Ba ta yi kuka ba wannan karon. Ta je ta zauna a gindin zana ta juya mana baya, ta ƙi tuwo.

Zanar da ta jingina da ita na tsaya ina kallo. Kafin ɗana ya tafi cirani, shi ya kewaye mini gida da zana sabuwa ta gamba, saƙa mai kauri, wadda ko ɗan tsako ba ya ratsawa. Busasshiyar gamba ce, dabba ba ta kula ta. Gidana kuwa a kan hanya yake, duk mai zuwa masallaci, duk mai zuwa rijiya, duk baƙon da ya shigo gari, ta nan zai bi.

Da safe na ɗauki wuƙa na fara yanke igiyar tanka. Maƙwabciyata, tsohuwa irina, ta leƙo ta ce ko na haukace. Na ce ta kawo jakinta. Ta tsaya ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta je ta kwanto shi. Zana guda na bari, ta makewayi. Sauran duka muka naɗe, muka yi ta kai wa lakwal, jaki na ɗauka muna tallafe. Direkta ya gan mu, ya tuɓe rigarsa ta sama, ya fito da manyan 'yan kilas ɗinsa. Shi da madan da yaran suka ɗaga, mu muna ɗaure tanka. Maza suna wucewa, suna rage tafiya, suna ƙara sauri. Kafin la'asar kilas ta tsaya, bango huɗu da rufi da ƙofa.

Na koma gidan da ba shi da kewaye. Ɗakina, rumbuna, murhuna, turmina, tukunyar ruwana, tsummokaran da na shanya, duk ga su a fili kamar kayan kasuwa. Na shimfiɗa tabarma a tsakiya na zauna ina ɓarar gyaɗa. Duk namijin da ya zo wucewa masallaci sai na gaishe shi da ƙarfi, na tambayi iyali, na tambayi gajiyar gayya. Ya amsa yana kallon ƙasa. Baƙi masu wucewa a amalanke suka riƙa tambaya, gidan wa ne wannan da aka bar tsohuwa a tsirara haka? Yara su ce, gidan yayan farzidan ne.

Bai kwana biyu ba ya zo, ko jakar bai ɗauko ba.

"Matar Yaya, me kika yi mana haka? So kike a zage mu a kasuwa?"

"Me na yi? Zanata ce, na ba jikata aro."

"Gidan yayana ne wannan! Mutane suna cewa mun yar da ke. Har daga Bande an aiko ana tambayata."

"To ka ce musu ana kan shiri."

"Ba wasa nake ba!"

"Ni ma. Ka kira taro, Farzidan. Akwai tsari."

Ya tsaya yana huci. Ya juya ya tafi.

Washegari tun da sassafe na ji sara. Maza ne, ba shela, ba fura, ba jawabi. Suka kawo karan gero busasshe, suka zauna suka zage shi tas, suka jera, suka daidaita kai, suka ɗaure tanka sama da tsakiya da ƙasa, suka ja igiya har tana ƙara. Farzidan da kansa yana durƙushe yana haƙa ramin dirka, ciwon baya ya warke. Kafin azahar sun kewaye gidana da darnin da ban taɓa samun irinsa ba ko zamanin mijina. Ina zaune a ciki ina kallon hasken hanya yana rufewa kaɗan-kaɗan. Ashe sun iya. Tun farko sun iya. Yara masu yawa sun yi wata da watanni a rana, bai hana ko ɗayansu barci ba. Tsohuwa guda ta zauna inda baƙo zai gan ta ya ambaci sunansu, sai ga hannuwa sun fito.

Ansifekta ya zo a farar mota. Farzidan yana gindin tuta da riga mai sitaci. Babban ya sauko, ya sunkuya ya leƙa kilas, yara suka miƙe suka gaishe shi da Faransanci da ƙarfin da ya tayar da tsuntsaye daga dogon yaro. Ya taɓa zana da yatsa, ya gyaɗa kai, ya ce iyayen garin nan sun san darajar karatu. Farzidan ya dafa ƙirji ya ce ai sun sha wahala, amma don yara ba komai. Babban ya sha ruwa, ya shiga mota. Zamansa duka bai kai a dafa shayi ba.

Ni ina gindin itace da farantina. Ta ƙofar kilas ina hango jikata, a sahun gaba, zaune a kan yashi, allo a cinya, harshe a waje ta wurin giɓin nan, tana jan wani abu da alli. Madan ta kwance kayanta.

Madan ta yi shekaru a wurinmu, ta yi aure, aka mayar da ita Magariya. In mai zuwa ya zo takan aiko mini da sabulu. Direkta ya ajiye aiki ya koma garinsu, an ce idonsa ya raunana. Maƙwabciyata ta rasu a daminar da ta biyo, Allah ya jiƙanta, jakin yana wurin ɗanta. Ɗana ya dawo daga cirani ya tarar da darni a inda ya bar zana, na ba shi labari, daga baya ya daina zama a ƙofar baffansa. Zanata ba ta dawo ba, ta yi wa lakwal shekara biyu gara ta gama da ita. Fararen shanun an kai su kasuwa a tsallaken iyaka, sun yi ƙiba, an ce sun yi daraja. Farzidan har yau shi ne farzidan, an sake zaɓensa, kuma in ya ba da labarin shekarar nan cewa yake shi ya tsaya tsayin daka. Kilas ɗin ƙanana har yau rumfa ce, har yau sai an yi taro.

Yarinyar ta gama lakwal ɗin garinmu, tana karatu a Dungas, sai hutu take zuwa. Ita ce ke riƙe da alƙalamin nan ina faɗa tana rubutawa. Ta ce in rage zafin maganar a kan kakanta farzidan. Na ce ta rubuta yadda na faɗa.